Mako takwas ɓarawo na cikin gida: yadda ake shirya tawagar tsaro kafin masu garkuwa da bayanai su buga

Da misalin ƙarfe 1 na dare, wayewar garin Juma'a 14 ga Mayu, 2021, kwamfutocin hukumar kula da lafiya ta ƙasar Ireland, wato HSE, suka fara kullewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin hantsi shugabannin hukumar sun ba da umarnin a katse duk hanyoyin sadarwarta, daga hedkwata har ƙaramin asibitin ƙauye. Likitoci suka koma biro da takarda. Sakamakon gwajin jini sai an ɗauko shi da hannu, hoton ƙashi ba ya buɗuwa, masu cutar daji da ke zuwa gashi aka ce su dakata. Asibitin haihuwa na Rotunda da ke Dublin ya soke ganin masu awon ciki, in ban da waɗanda cikinsu ya kai mako 36 da masu larurar gaggawa.

Gungun masu kutse da ake kira Conti ne suka yi aika-aikar, suka nemi kuɗin fansa kusan dala miliyan 20. Gwamnatin Firaminista Micheál Martin ta ce ko sisi ba za ta biya ba. Ranar 20 ga Mayu maharan suka saki mabuɗin buɗe bayanan kyauta, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin sai a ƙarshen Satumba, bayan fiye da wata huɗu, aka gama dawo da manyan kwamfutocin ajiya, wato sabobi. Har sojoji sai da aka gayyato su taimaka wajen wanke na'urori. An ƙiyasta ɓarnar da kusan Yuro miliyan 100.

A watan Disamba na shekarar, hukumar ta yi abin da ba kasafai ake yi ba: ta fito da cikakken rahoton binciken da ta sa kamfanin PwC ya gudanar, kowa ya karanta. Duk mai son ya san yadda ake shirya ma'aikatan tsaron kwamfuta, a wannan rahoto ya kamata ya fara, saboda abin da ya bankaɗo ya fi harin kansa tayar da hankali. Maharan ba a daren suka shigo ba. Mako takwas suka yi a ciki, ana ganin sawunsu, ba wanda ya bi.

Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa

Ga yadda abin ya gudana. Ranar 18 ga Maris wani ma'aikaci ya buɗe takardar Excel da ta zo masa a saƙon imel na yaudara. Daga nan masu kutse suka samu wurin zama a kwamfutarsa. Ranar 31 ga Maris manhajar kashe bairos ta hango kayan aiki biyu da kowane jami'in tsaro ya san su: Cobalt Strike, wanda ake sarrafa kwamfuta da shi daga nesa, da Mimikatz, mai kwashe kalmomin sirri. Sai dai an saita manhajar ne ta lura kawai, ba ta hana ba. Ta rubuta abin da ta gani, ta yi shiru.

Ranar 7 ga Mayu maharan suka haura zuwa sabobin hukumar, cikin 'yan kwanaki suka ratsa zuwa wasu asibitoci. Wani asibiti ya ga alamar Cobalt Strike ya tambayi kamfanin da ke kula da tsaro ko akwai abin damuwa, aka ce masa hatsarin kaɗan ne tunda manhaja ta riga ta share abin. Wani asibitin ya kai ƙorafi ga hukumar ranar 12 ga wata, binciken da aka yi ya ɗauka matsalar daga asibitin ta taso, alhali daga cikin hukumar take fitowa. Ranar 13 ga Mayu, saura sa'o'i a buga, kamfanin manhajar kashe bairos ya aiko da imel cewa akwai gargaɗin da ba a kula da su ba a kan na'urori aƙalla 16. Matakin da aka ɗauka shi ne a kashe sabobin a sake kunnawa.

A daidai wannan lokaci Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar, wadda ita ma aka kutsa mata, ta ga alamun, ta ɗauke su da muhimmanci, ta baza manhajar sa ido a kwamfutocinta, ta dakile yunƙurin kulle ta. Mahara ɗaya ne, mako ɗaya ne, sakamako ya bambanta.

Rahoton ya gano cewa hukumar da ke da ma'aikata kimanin 130,000 ba ta da babban jami'i guda da tsaron kwamfuta ke wuyansa. Masu aikin tsaron su 15 ne kacal. Kwamfutoci fiye da 30,000 na kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina tallafa wa kowa da kowa tun Janairun 2020. Babu cibiyar da ke sa ido dare da rana, babu rubutaccen tsarin abin da za a yi idan irin wannan rana ta zo, ba a kuma taɓa gwada shi ba.

Sanin hanyar da suke bi

Abu na farko da ake koya wa tawaga shi ne kulle bayanai mataki ne na ƙarshe. Kafin a kai can akwai doguwar tafiya, kuma kowane zango yana barin alama.

Shigowa yawanci ta ƙofa uku ce: saƙon yaudara, kalmar sirrin da aka sace, ko na'urar da ke fuskantar intanet wadda ba a toshe ɓarakarta ba. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka, wanda ke kai kusan kashi 45 cikin 100 na man da gaɓar gabashin ƙasar ke sha, an shige shi a 2021 ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma ba shi da tantancewa mai mataki biyu. A Fabrairun 2024 aka maimaita irin wannan a Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗin magani na ɗimbin Amurkawa. Shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya shaida wa majalisar dokoki cewa maharan sun shigo ta wata ƙofar Citrix marar mataki na biyu, suka yi kwana tara kafin su kulle komai.

Bayan shigowa sai leƙe-leƙe: wace kwamfuta ce ta shugaban sashe, ina ake ajiyar kwafi, wa ke da izinin komai. Sai satar kalmar sirrin babban mai kula da tsari, sai tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura. Daga nan su kwashi bayanai su tura waje, sau da yawa da wata manhaja ta halal mai suna Rclone, domin ko ka dawo da kayanka daga ajiya su yi maka barazanar tona asirin abokan hulɗarka. Kusa da ƙarshe su goge kwafin da Windows ke ajiyewa da kanta, su kashe manhajar tsaro, su nemi rumbun ajiya su lalata. Sannan su buga, galibi da tsakar dare ko jajibirin hutu. Harin da aka kai ta manhajar Kaseya ya faɗo ne ranar Juma'a 2 ga Yuli, 2021, ana shirin hutun ranar 'yancin Amurka.

Wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. A watan Agustan 2021 wani ɗan gungun Conti da ya fusata kan rabon kuɗi ya saki littafin koyarwarsu a intanet, mataki-mataki. A Fabrairun 2022, bayan gungun ya fito ya goyi bayan mamayar Rasha a Yukren, aka sake fallasa dubban hirarrakinsu, aka ga suna da albashi, da masu ɗaukar ma'aikata, da masu cinikin fansa. Cibiyar MITRE ta Amurka kuma tana da kundi na kyauta mai suna ATT&CK da ya jera dabarun mahara ɗaya bayan ɗaya. Tawagar da ta san aikinta takan ɗauki kundin ta yi wa kanta tambaya a kan kowace dabara: idan aka yi mana wannan yau, za mu gani? A ina zai bayyana? Wa zai gani?

Alamun da ba a kwana da su

Babbar cutar ɗakin sa ido ita ce yawan gargaɗi. Idan allo na kawo ɗaruruwa kullum, mafi yawa na banza, ido yakan saba, hannu ya riƙa rufewa ba karantawa. Maganin shi ne a ware 'yan kaɗan da doka ta ce ba a kwana da su, ko ƙarfe nawa ne.

Misali, asusun akanta da bai taɓa wuce ƙarfe biyar a ofis ba ya shiga sabar ajiya ƙarfe uku na dare. Ko aka ƙirƙiri sabon asusu mai cikakken iko ba tare da takardar neman izini ba. Ko manhajar tsaro ta mutu a kwamfuta goma a lokaci guda. Ko bayanai masu nauyi suna ta fita zuwa wani rumbun intanet da ma'aikatar ba ta hulɗa da shi. Ko aka ga manhajar sarrafa na'ura daga nesa, irin AnyDesk ko makamanciyarta, a na'urar da ba wanda ya nemi a sa mata. Sai kuma wanda ya ci HSE: manhajar kashe bairos ta ce ta ga Cobalt Strike ta share. Ƙwararren jami'i ya san wannan saƙo ba albishir ba ne. Kayan aikin ba ya zuwa da kansa, mutum ne ke riƙe da shi, kuma share fayil ɗaya bai kori mutumin ba. Tambayar da za a yi ita ce ta ina ya shigo, tun yaushe, kuma ina da ina ya taka.

Amsa waɗannan tambayoyi na buƙatar rajistar abubuwan da ke faruwa a na'urori, a tara ta wuri guda inda mahari ba zai iya gogewa ba, a kuma riƙe ta na watanni. Wanda ke ajiye rajistar mako biyu kawai ba zai taɓa gano kutsen da ya fara mako takwas baya ba. Ma'aikatar da ba ta da ƙarfin ɗaukar masu gadin dare tana iya ba wani kamfani kwangilar sa ido, amma da sharaɗin a rubuta ƙarara: idan suka ga abu, lambar wa za su kira, kuma idan bai ɗauka ba sai wa. Imel ba ya tashin mai barci.

Wa ke da ikon cire waya?

Nan ne shiri ya fi rushewa. Ƙaramin jami'i na iya ganin komai daidai, amma ya tsaya jiran oga, oga na jiran darakta, darakta na cikin jirgi. Manhajar kullewa kuwa ba ta jira.

A Colonial Pipeline, ma'aikacin ɗakin sarrafawa ya ga takardar neman fansa gab da ƙarfe 5 na asubahin 7 ga Mayu, 2021. Ya gaya wa mai kula da aikin, shi kuma ya yi amfani da ikon da kamfani ya ba ma'aikata na dakatar da aiki idan suka ga hatsari. Cikin awa ɗaya da 'yan mintoci an rufe bututu mai tsawon mil 5,500. An yi ta muhawara a kan sauran matakan kamfanin, amma wannan ikon an ba da shi tun kafin ranar, shi ya sa ba a ɓata lokaci ba.

Don haka tsarin ko-ta-kwana ya faɗi a sarari cewa jami'in da ke bakin aiki na da izinin raba kwamfuta ko wani sashe da sauran hanyar sadarwa, kuma ba za a hukunta shi ba idan daga baya aka ga ƙararrawar ƙarya ce. Ya kuma san bambancin cire waya da kashe na'ura. Cire waya na tsayar da yaɗuwa, kashewa kuwa na goge abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi, inda masu bincike ke samun shaida. Sai in babu yadda za a raba ta ne ake kashewa.

Sauran rabon aiki shi ma tun da wuri ake yin sa: mutum ɗaya mai jagorantar lamarin, mai rubuta duk abin da aka yi da lokacinsa, mai magana da 'yan jarida, lauya, mai tuntuɓar hukuma, da wanda zai yanke wane aiki za a fara dawowa da shi. A buga tsarin a takarda, da lambobin waya, domin kwafin da ke cikin saba tare da sabar za a kulle shi. A kuma tanadi hanyar magana da ba ta bi ta imel ɗin ofis ba, saboda mai yiwuwa maharin na karantawa.

Kamfanin alminiyam na Norsk Hydro a Norway ya nuna amfanin wannan a Maris 2019, lokacin da manhajar neman fansa ta LockerGoga ta kulle shi. An manna takardu a ƙofofin shiga ana gargaɗin ma'aikata kada su haɗa na'ura da hanyar sadarwa. Sanarwa ta koma Facebook. Shugabanni suka riƙa yi wa 'yan jarida bayani a kai a kai ba ɓoye-ɓoye. A wasu masana'antu tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya suka dawo, domin su suka san yadda ake tafiyar da injuna da hannu. Kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 70, bai biya fansa ba.

Ajiyar da ba a gwada ba

A ranar 27 ga Yuni, 2017, NotPetya, wadda ta yi shigar manhajar neman fansa amma aikinta lalatawa ne, ta bazu daga wata manhajar lissafin haraji ta Yukren ta durƙusar da Maersk, katafaren kamfanin jiragen dakon kaya na Denmark. Shugaban hukumar gudanarwarsa na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya ce sai da suka sake girka kwamfutoci 45,000 da sabobi 4,000 cikin kwana goma, asara kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin da ya kusa gamawa da su shi ne sabobin da ke riƙe da sunaye da izinin duk ma'aikata. Suna da su kusan 150 a faɗin duniya, kowacce na kwafar 'yar'uwarta, aka ɗauka hakan ya isa ajiya. Da harin ya zo duk ya share su tare. Guda ɗaya ce ta tsira a Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a ofishin a lokacin, na'urar ba ta kan layi. Mujallar Wired ta ce a Ghana ne, wasu manyan jami'an kamfanin daga baya suka ambaci Legas. Ko ma ina ne, da hannu aka ɗauki faifan aka hau jirgi da shi zuwa Ingila, inda ake aikin farfaɗowa.

Sa'a ce ta cece su, ita kuwa sa'a ba a sa ta a kasafi. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam, kuma aƙalla ɗaya ya kasance ba ya haɗe da komai ko ba ya goguwa. Sannan a gwada. A ware rana a ce wa tawaga: ga sabuwar na'ura babu komai a ciki, ku dawo mana da tsarin biyan albashi, muna duba agogo. A nan ake gano cewa kalmar sirrin rumbun ajiya na cikin sabar da ta mutu, ko lasisin manhaja ya ƙare, ko aikin da aka ɗauka na awa shida ne kwana huɗu yake ci.

Atisaye

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Atisayen kan tebur ba ya cin kuɗi: ɗaki, awa uku, da mai jagora da ya shirya labari. Ya ce, yau jajibirin Sallah, ƙarfe 2 na dare, mai gadi ya kira ya ce firintoci na ta fitar da takardar neman fansa. Me za ku yi? Bayan minti ashirin ya ƙara: shugaban sashen kwamfuta ya tafi gida hutu, wayarsa ba ta shiga. Can kuma: wani ɗan jarida ya kira, ya ce ya ga sunayen abokan hulɗarku a shafin maharan. Dole shugaban ma'aikata da akanta da lauya su zauna a ɗakin, domin yawancin tambayoyin da ke tasowa ba na injiniya ba ne.

Mataki na gaba shi ne gwaji na zahiri, inda ake sa amintattun ƙwararru su kwaikwayi dabarun mahara, masu tsaro na kallon allonsu, a ga wanne ya bayyana wanne ya wuce shiru. Duk wanda ya wuce shiru a gyara, a sake gwadawa. Sauran ma'aikata kuma abu ɗaya ake so su riƙe: wanda ya danna abin da bai kamata ba ya faɗa nan take. Ofishin da ake wulaƙanta mai kuskure, ɓoyewa ake yi, mahari ya samu makonninsa.

Batun biya

Wannan shawara ce ta shugabanni, kuma gara a tattauna ta da sanyin kai tun ba a shiga uku ba. Colonial ya biya Bitcoin 75, kimanin dala miliyan 4.4, mabuɗin da aka ba shi ya yi jinkiri har sai da ya haɗa da nasa kwafin, ko da yake hukumar FBI ta ƙwato wani kaso daga baya. Change Healthcare ya biya dala miliyan 22, sai ga wani gungun ya sake tasowa da barazanar sakin bayanan. Babban ɗakin karatu na Birtaniya, British Library, ya ƙi biyan gungun Rhysida bayan harin Oktoban 2023, aka watsa bayanansa kimanin gigabait 600, ya kuma shafe watanni yana sake gini. Ireland ta samu mabuɗi kyauta, duk da haka ta yi wata huɗu. Kowace hanya aka bi, aikin wanke na'urori da sake gini na nan. Kafin a yi maganar kuɗi ma, yana da kyau a duba shafin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holand da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu nau'o'in kyauta.

Abin ya iso nahiyar Afirka

A Yulin 2021 hari ya tsayar da aiki a tashoshin jiragen ruwan Transnet na Afirka ta Kudu, har da Durban. A Yunin 2024 aka kulle hukumar ɗakunan gwaje-gwajen lafiya ta ƙasar, NHLS, sakamakon gwaji ya riƙa makalewa na makonni. A Najeriya, inda bankuna da asibitoci da jami'o'i ke ta mayar da takardunsu kwamfuta, doka ta riga ta sa wa'adi. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 ya wajabta kai rahoton kutse ga cibiyar ko-ta-kwana ta ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, cikin awa 72. Dokar kare bayanai ta 2023 ita ma ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC idan bayanan mutane suka shiga hatsari. Wanda bai san wa zai rubuta wannan rahoto ba tun yau, wa'adin zai cika yana neman lambar waya.

Yawancin abin da aka lissafa a nan ba sayen kaya ba ne. Rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki, sa mataki na biyu a duk ƙofar shiga daga nesa, juya manhajar tsaro daga lura zuwa hanawa, buga lambobin waya a takarda, ba jami'in dare izini a rubuce: ƙaramar ma'aikata ma za ta iya kammala su cikin wata guda. Rahoton HSE na 2021 da wanda British Library ta fitar a Maris 2024 suna nan a intanet kyauta, da ranaku da sa'o'in kowane kuskure. Shugaban da ke son sanin matsayin tawagarsa ya ɗauki jerin ranakun Ireland, daga 18 ga Maris zuwa 13 ga Mayu, ya zaunar da mutanensa, su bi shi layi-layi, a kowane layi su faɗi sunan wanda zai gani a ofishinsu da abin da yake da ikon yi. Layin da aka rasa suna, daga nan aiki zai fara.